Fankar Hita da Surukina

A Makka ba wanda yake damuwa da hitar mota. Ranar da na sayi tsohuwar motata, wajen tsakiyar shekarun sittin, mai sayarwar ya bi makunnan gaba ɗaya bayan ɗaya yana nuna mini aikinsu. Da ya zo kan na ƙarshe sai ya ce wannan na ɗumama mota ne, fankarsa ta mutu tun kafin motar ta zo hannunsa, kuma ba zan taɓa nemanta ba a garin nan. Muka yi dariya, na karɓi makulli. Babbar mota ce irin ta Amurka, ruwan toka, ta sha hannu. Da ita nake ɗauko kaya daga Jidda zuwa ɗan shagona na tasbaha da turare da darduma, lokacin aikin Hajji kuma in yi jigilar kayan alhazai zuwa Mina.

Ban daɗe da aure ba a lokacin. Muna zaune a Rusaifa, wadda take bakin gari a wancan zamani, gidaje jefi-jefi, wasu na dutse, wasu na katako da kwano. Gidan surukaina a layinmu yake, 'yan ƙofofi ne tsakaninmu.

Surukina Basakkwace ne, dogo, mai ƙarancin magana. A ƙasa ya zo Makka yana saurayi, ta Cadi da Sudan, ya zauna bai koma ba. Tsire yake gasawa a bakin kasuwa, wanda Larabawan garin suke kira siriya, kuma har daga wasu unguwanni ake zuwa saye. Duk daɗewarsa, Larabcinsa bai wuce na ciniki da gaisuwa ba. Ni kuwa iyayena Kanawa ne, a Sudan aka haife ni suna kan hanya, na tashi a Makka, don haka bakina ya saba da harsunan biyu.

Tsakanina da shi akwai kunya irin ta mutanen da. Idan na hango shi tafe a layi sai in ratse. Idan ba hanyar ratsewa, in tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa in gaishe shi kaina a ƙasa, shi kuma ya amsa yana duban wani waje. Ban taɓa cin abinci ko shan ruwa a gabansa ba. Duk saƙon da ke tsakaninmu sai ya bi ta bakin surukuwata zuwa matata, sannan ya iso gare ni. Samarin unguwa waɗanda aka haifa nan suna yi mini dariya, su ce ai ga Larabawa can suna zama faranti ɗaya da surukansu. Ni dai haka aka rene ni, shi ma haka yake so.

A shekarar ne tari ya kama shi. Aka ce hayaƙin gawayi ne na shekara da shekaru. Ya sha jiƙe-jiƙe, ya sha na asibiti, tarin bai tafi ba, sai ramewa yake yi. Wata rana da yamma matata ta ajiye mini shayi ta tsaya, ba ta koma ciki ba.

"Likita ya ce a kai Baba asibitin ƙirji na Ɗa'ifa," in ji ta. "Inna ta ce in tambaye ka ko motarka za ta iya hawa dutsen."

Na ce za ta iya, har da ɗan kuri.

"Amma an ce can sanyi ake yi sosai yanzu. Likitan ya ja kunne kada sanyi ya buge shi a hanya."

Lokacin hunturu ne. A Makka hunturu bai wuce mutum ya ɗan yafa mayafi da asuba ba, amma Ɗa'ifa a kan duwatsu take, sanyinta har cikin ƙashi. Wani maƙwabcinmu direban babbar mota ya ƙara mini da cewa hazo yana rufe sabuwar hanyar dutsen, gilashi ya yi gumi daga ciki, in babu iskar hita mutum ba ya ganin gabansa. Na je gareji, suka ce aiki ya yi musu yawa, sai dai in bar motar ta jira layi. Na dawo na ce wa matata ni da kaina zan gyara, abu ne mai sauƙi. Ban taɓa kwance komai a mota ba in ban da taya.

Na tafi bayan gari inda ake farfasa matattun motoci ana sayar da kayansu. Wani Bayamale ya kai ni wurin wata mai kama da tawa, ba ƙofa ba taya, ya cire mini fankar ina kallo. 'Yar ƙaramar na'ura ce kamar gwangwanin madara, da wani ƙarfe zagayayye mai haƙarƙari a bakinta wanda yake kaɗa iska. Ya jona ta da batir ta juya. A hannunsa abin bai ɗauki lokaci ba, sai na raina aikin. Maƙwabcina direba ya yi alkawarin zai kama mini da safe, amma gari na wayewa aka ba shi lodin Madina ya tafi.

Na kai motar inuwar katangarmu da hantsi. Na cire wayar batir kamar yadda aka gaya mini, na kwance akwatin gaba da ake ajiye takardu. Hitar tana can ƙasa, gaban kujerar mai zaman banza, a lungun da hannu yake kaiwa amma ido ba ya kaiwa. Na gwada a tsugune, na gwada a karkace, duk a banza. Daga ƙarshe dai sai na kwanta rigingine, kaina a inda fasinja yake sa ƙafa, bayana a bakin kujera, ƙafafuna a sama kan majingina. Jallabiyata ta zamo ta taru a ƙirjina. Wandon da ke jikina tsoho ne na zaman gida, na zaɓe shi ne don aikin datti.

Tsohuwar fankar kusoshi ne suka riƙe ta, sun ratsa bangon ƙarfen da ke tsakanin cikin mota da inji, notinansu suna can ɓangaren inji. Ina juya kusa daga ciki, noti yana bin ta daga waje. Na fita na maƙala sufana a jikin notin na dawo na kwanta, ina juyawa sufanar ta faɗi ƙasa. Na sake fita. Haka na yi ta shiga da fita har gumi ya jiƙa ni, yatsuna suka fashe.

Ina kwance a wannan hali, ƙafafu a sama, sai na ji sallama a bakin ƙofar motar. Muryar surukina ce.

Na yi yunƙurin tashi, goshina ya bugi ƙarfe. Na amsa sallamar daga ƙarƙashin mota, tafin ƙafata baƙi ƙirin yana daidai da fuskarsa. Na shiga kokawar jawo riga in rufe jikina, hannu ɗaya riƙe da sukundireba.

"Zamna yadda kake," in ji shi, da irin Hausarsu ta Sakkwato. "Tun ɗazu nike ganinka daga ƙohwa kana shiga kana hita. Mi ka so a riƙa?"

"A'a Baba, ba komai. Na kusa gamawa. Don Allah a koma a huta."

"Don ni ka wanga aiki. Mi ka so a riƙa?"

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini kai tsaye. Na rasa yadda zan yi. In na ƙi, na musa wa babba. In na yarda, na sa surukina aiki, marar lafiya, a tsakiyar layi. Na fito da ƙyar, na tsaya ba takalmi ina duban ƙasa, na ɗauko sufanar na miƙa masa da hannu biyu. Na nuna masa notin. Ya naɗe hannun rigarsa fara, ya sunkuya cikin injin ya kama.

Na koma na kwanta. Yanzu kuma dole in yi magana, domin ba ya ganina, ba na ganinsa. Yaya mutum zai ce wa surukinsa riƙe, ko saki? Na yi ta kewaye-kewaye.

"Baba, da za a ɗan taimaka a matsa ta wajen dama..."

"Damata ko damarka?"

"Ta Baba."

"To ka ce haka nan. Ɗaga murya, ba ni jinka."

Haka na riƙa ɗaga murya ina ba shi umarni, mata suna wucewa da tulunan ruwa suna rage tafiya. Na ji wata tana tambayar 'yar'uwarta da Larabci ko ba mai tsire ba ne wancan a cikin injin mota. Kusoshin suka fita ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar fankar ta faɗo mini a ƙirji, ta yi tsatsa ta ƙame, ko da hannu ba ta juyawa. Na tura sabuwar cikin gurbinta. Ramin baƙi ne, ban leƙa ba, ban sa hannu na share ba. Hankalina duka yana kan in gama in sallami dattijon nan daga wannan tsayuwa. Muka ɗaure kusoshin, na haɗa wayoyi biyun yadda na ga na tsohuwar suke.

Na fito na mayar da wayar batir. Sai na ga ya kamata in kasance a ƙasa lokacin da za a kunna, in ji ko fankar tana gugar wani abu. Surukina ya lura da tsayuwar da na yi.

"Ina makunnin?" ya tambaya.

Na nuna masa. Ya zagaya ya shiga kujerar direba, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya zauna a ɗofane. Na murɗa makulli, na koma na kwanta kamar da, ƙafafuna yanzu a gefen kafaɗarsa. Ya sunkuyo da fuskarsa dab da ramukan iskar da ke gindin gilashi, yana son ya ji ko za ta fito.

"Bismillahi," ya ce, ya ja makunnin.

Fankar ta ɗauka da wani irin gurnani. Sai motar ta turnuƙe. Duk abin da ya taru a bututun hitar tun shekarun da ba a kunna ta ba ya fito lokaci ɗaya: ƙurar hanyar Jidda da ta Mina, tsummokaran da ɓera ya yayyaga ya yi sheƙa da su, kashin ɓeran, busassun ganye, har da gashin kaza. Rabi ya zubo mini a fuska, rabi ya bugi fuskar surukina.

Tarin da ya kama shi ban taɓa jin irinsa ba. Ya kasa kashe makunnin, ya kasa buɗe ƙofa, sai dukan sitiyari yake yi da tafin hannu. Na zabura zan tashi, hannun rigata ya maƙale a wani ƙarfe ƙarƙashin gaban motar. Na fizga, bai saki ba. Na wuntsila ƙafafuna don in juyo, diddigena ya doki hularsa ta faɗi, kuma na ji tsohon wandona ya yage tun daga gwiwa har sama. Ina ta kiran "Baba! Baba!", ƙura tana shiga bakina.

Surukuwata ce ta fara isowa, ta jiyo tarin daga gida. Matata na biye da ita. Suka buɗe ƙofa suka fito da shi, suka zaunar da shi a gindin katanga. Wani dattijo Bahaushe mai shago a kusurwa ya zo ya kashe makullin, ya kama ƙafafuna biyu ya jawo ni waje kamar buhu, hannun rigar ya tsage ya bar guntunsa a ciki. Na miƙe a gaban surukuwata da mutanen layi, fuska fari fat da ƙura, gashin kaza a gemuna, hannu ɗaya riƙe da yagaggen wando.

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Kowa yana kan dattijon, wanda yake tari har yana dafa ƙasa. Aka kawo ruwa. Da tarin ya lafa ya cire ƙyalle daga bakinsa, ni da nake tsaye ta gefensa na ga jini a jiki. Ya naɗe shi da sauri ya tura aljihu. Na ce a raina na kashe mahaifin matata.

Ya ɗago ya neme ni da ido. Bai taɓa dubana ido cikin ido ba sai ran nan.

"Wanga ba aikinka ba ne," ya ce a hankali, muryarsa a dishe. "Ya daɗe shina zuwa." Ya numfasa. "Ta yi dai ko? Na ji iska."

Na durƙusa na ɗauko hularsa daga ƙasan mota, na kakkaɓe, na miƙa wa matata ta ba shi. Surukuwata ta kama shi suka tafi gida, ba ta ko dubi inda nake ba. Na san don ta rufa mini asiri ne saboda halin da tufafina suke, amma hakan bai rage mini komai ba.

Na shiga gida na zauna a ɗaki, na ƙi fitowa har azahar ta wuce. A ɗaki na yi salla, don ba zan iya haɗa ido da mutanen masallaci ba. Matata ta dawo daga gidansu ta same ni.

"Ya samu barci," ta ce.

"Na ga jini."

"Mun sani. Inna ce take wanke ƙyallayen. Shi yana tsammanin ba mu sani ba." Ta ajiye mini wani wandon a kan tabarma. "Ya ce a gaya maka ka share bututun kafin jibi da za a tafi, kada ka bar aikin a rabi."

Da la'asar na fita. Na sake kwance fankar, wannan karon mai shagon kusurwa ne ya riƙe mini notin. Na sa hannu cikin ramin har gwiwar hannu na yi ta kwaso datti, na zura tsumma a kan waya na goge bututun, na bar fankar tana aiki ƙofofi a buɗe har iskar ta fito da tsabta. Da injin ya yi zafi na sa tafin hannu a ramin, na ji ɗumi yana fitowa. Tana ɗan ƙara kamar ana kaɗa tsinke a jikin kwano, kuma gudu ɗaya kawai take yi, amma tana aiki. Ban ji daɗin komai ba.

Ranar tafiya na so ya zauna a baya tare da surukuwata, amma ɗumin a gaba yake, don haka a gefena ya zauna, lulluɓe da bargo. Muka wuce Arfa muka fara hawa. Hanyar tana lanƙwasa kamar igiya, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan. Can sama hazo ya rufe mu, gilashi ya fara gumi. Na kai hannu ga makunnin, sai na ga ya ja bargo ya rufe hancinsa. Na kunna. Iska mai ɗumi ta fito, gilashin ya washe daga ƙasa zuwa sama. Bayan ɗan lokaci ya sauke bargon, ya miƙa tafukan hannunsa wajen ramin. Kafin mu kai gari barci ya ɗauke shi, kansa ya karkato har ya kusa taɓa kafaɗata. Na riƙe sitiyari ban motsa ba.

A asibiti wata kunyar ta same ni wadda ban yi shirinta ba. Likitan Bamisire ne, ba mai fassara sai ni. Ya sa dattijon ya tuɓe riga a gabana, na ga haƙarƙarinsa a jere. Ya yi ta tambaya, ni kuma dole in mayar da Hausa: gumin dare, fitsari, bayan gida, launin abin da yake tofarwa. Na riƙa yi wa bango magana, shi ma bango yake ba amsa. Da likitan ya tambayi ko ƙura ta shige shi kwanan nan, dole na fassara.

"Ce mishi sana'ata hayaƙi ce," in ji surukina. Abin da na faɗa wa likitan ke nan.

Suka riƙe shi. Ya yi watanni a can, surukuwata tana zaune gidan wasu 'yan'uwansu a garin, mu kuma muna hawa duba shi idan an samu hali. Bayan aikin Hajji aka sallame shi, ya dawo da ɗan ƙiba, tarin ya ragu ƙwarai. Likita ya hana shi tsayawa kan wuta, wani ƙaninsa ya karɓi wurin tsiren. Ya rayu shekaru masu dama bayan haka, ya ga 'ya'yanmu. Tsakanina da shi kuwa ba abin da ya canja a fili, ina durƙusawa, yana duban gefe.

Da yake ya daina zuwa kasuwa, sai ya riƙa zama da yamma a dakalin mai shagon kusurwa tare da wasu dattawa. Wata rana na taho daga shago, na kusa shan kwanar sai na jiyo muryarsa, yana magana da ƙarfi yadda ban saba ji ba.

"Ni dai ƙahwahu kawai nike gani, sama, kamar an rataye ɗan akuya. Shina ce min, Baba da za a taimaka, Baba da za a taimaka. Ni ko na sa hanci ga ramin..."

Dattawan suka kwashe da dariya, shi ma yana yi har da ɗan tarinsa. Wani ya ce a sake faɗin wurin hular. Na tsaya a bayan katanga riƙe da ledar burodi. Na ji ya ce, "Amma yaron kirki ne, ya kai ni, ban ji sanyi ba ko kaɗan."

Na juya a hankali na koma da baya, na zagaya ta bayan masallaci, na shiga gida ta ɗaya bakin layin. Matata ta tambaye ni abin da ya sa na yi yamma haka, na ce mata hanya ce ta yi tsawo.